Siffar Jirgi: Gunki ne, ko Shaida?

Dukanmu mun san motar kara wadda yaranmu ke ƙerawa bayan kaka, a Bebeji da Kiru, har Tudun Wada da Doguwa. A ƙasar Turai akwai dattawa masu irin wannan aiki, amma da itace su ke yi. Mutum ya kan ɗauki awon wani jirgin ruwa na zamanin dā, mai tafiya da iska, ya rage kowane abu daidai, watau inci 48 na babban jirgi su zama inci 1, kana ya sassaƙa katako ɗaya ɗaya, har igiyoyi da filafilai. Wani ya kan yi shekaru a kan jirgi guda.

To, ya dace mai-bi ya sa hannu cikin wannan? Waɗansu 'yan'uwa za su ce a'a, gama doka ta biyu ta hana sassaƙa siffa. Ba mu raina tsoronsu ba, balle mu da kakanninmu suka yi tsafi. Amma mu tuna Musa ya ƙera macijin jan ƙarfe bisa ga umurnin Ubangiji, Sarki Hezekiya kuwa ya farfashe shi sa'ad da jama'a suka shiga ƙona masa turare. Macijin bai sāke ba; abin da mutane suka yi da shi ne ya sāke.

Mu a ganinmu, haɗarin da ya fi kusa da masassaƙi ƙarya ce. Hannu ya kan so ya gyara abu ya fi gaskiyarsa kyau. Ga misalin waɗanda suka ƙi yin haka.

Akwai wani jirgin bayi na Libaful a Ingila, sunansa Brookes, an gina shi a 1781. A 1788 aka auna shi, masu ƙin cinikin bayi kuma suka zana yadda a kan jera mutane a cikinsa. Wurin namiji ƙafa 6 ne tsawo, fāɗi ƙafa 1 da inci 4. Ku auna wannan a ƙasa ku gani, bai kai tabarma ba. Sabuwar dokar shekaran nan ta yarda masa da mutum 454, alhali ya taɓa ɗaukar 609. Daga baya aka sassaƙa ƙaramin jirgin da itace, ba a rufe cikinsa ba, aka manna siffofin mutane a kwance kamar kifi a kan tsinke. William Wilberforce, mai-bi ne, ya kai shi majalisar Ingila ya nuna wa wakilai. Yawancinsu ba su taɓa leƙa cikin irin jirgin nan ba. An daɗe ana gardama, sai a 1807 Ingila ta hana cinikin. Ƙaramin jirgin yana nan a gidan Wilberforce a birnin Hull.

Kada mu ce labarin waɗansu ne. A cikin irin jiragen nan aka kai Hausawa ƙasar Bahiya a Barazil, har suka shirya tawaye a can a 1807. Da masassaƙin nan ya rufe cikin jirgi, ya ƙawata filafilai, da aikinsa ya fi daɗin gani, da kuwa ya yi shaidar zur a kan 'yan'uwanmu.

Jirgin dā da mu muka fi sani shi ne na Nuhu. In wani kafinta cikin ekklesiya yana so ya sassaƙa shi domin makarantar Lahadi, muna murna. Sai dai kada ya bi hotunan nan masu nuna shi kamar ƙwarya, raƙumin dawa ya miƙo wuya ta taga, har yara su zaci tatsuniya ce. Awon yana cikin Farawa sura 6: tsawo kamu 300, fāɗi 50, tsayi 30. In ya yi tsawonsa inci 30, fāɗin ya zama inci 5, tsayin kuwa inci 3.