Rigar Da Muka Ɗinka Mata

Yau tambaya ɗaya na zo mana da ita, ina so kowace ta ajiye tsintsiya ko ludayi ta ba ni aron hankalinta na ɗan lokaci. Shin daidai ne mu yanke wa mace hukunci saboda matsayin da muka same ta a kai, tun kafin mu ga kamun ludayinta?

Abin da ya jawo wannan tambaya shi ne tunawa da marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda duniya ta sani da Daso. Allah Ya yi mata rasuwa a nan Kano ranar Talata 9 ga Afrilu 2024, ana gobe Sallah ƙarama, tana da shekara 56. Ta yi sahur ta koma ta kwanta, shi ke nan ba ta farka ba. Tun shekarar 2000 da ta fara fitowa a fim ɗin Linzami Da Wuta, ba a cika ba ta matsayin yarinyar da ake rera wa waƙa a cikin lambu ba. Nata rabon shi ne muguwar kishiya, ko uwar miji mai baƙin hali, ko matar uban da ke gana wa maraya azaba. Ita ce mai harara da tafa hannu, ita ce mai zuwa wurin boka da daddare.

Na tuna yadda muke taruwa a falon maƙwabciyarmu a Gyaɗi-Gyaɗi, mu sa kaset a bidiyo, yara na zaune a ƙasa. Daso na bayyana za ki ji tsaki ta ko'ina, wata ta ce, "Wallahi wannan matar ba wasa take ba, halinta ne." Har da mai rantsuwa cewa da za ta gan ta a Kasuwar Tarauni ba za ta amsa gaisuwarta ba. To amma ki duba, 'yar'uwa, in aka cire Daso daga labarin me ya rage? Wa zai sa jarumar kuka har mu tausaya mata? Aiki aka ba ta, ta kuma iya shi, iyawar ce ta jawo mata zagi. Ranar da ta rasu kuwa, abokan sana'arta shaidar barkwanci da son jama'a suka yi mata.

Haka sana'ar take tun zamanin wasan talabijin, sunan wasa ya kan haɗiye sunan yanka. Mutum nawa ne suka san Samanja Mazan Fama sunansa Usman Baba Pategi kafin rasuwarsa a 2023? Rabilu Musa ya rasu a 2014, amma har gobe Ibro ake ce masa. Sai dai su 'yan wasa suna da wani gata guda: in aka gama ɗauka, mutum ya tuɓe rigar wasa ya koma gidansa wurin waɗanda suka san shi. Akwai waɗanda mu muke saka wa rigar, ba kuma mu barin su tuɓe ta har abada.

Bari in ba ku labarin da har yau yake ci mini rai, domin da ni a ciki. Wani maƙwabcinmu matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku, ƙaramar ba ta wuce shekara huɗu ba. Bayan shekara guda ya nemo wata yarinya daga Tarauni. Tun ba a kai lefe ba matan layinmu suka raɗa mata suna, wai "Daso ta kusa tarewa." Na yi dariya, na kuma maimaita a gidan suna. Ko fuskarta ban taɓa gani ba a lokacin.

Yarinya ta tare. In ta tsawata wa babban yaron don ya gudu daga Islamiyya, sai mu ce ga shi nan, mugunta ta fara. In ta ƙyale shi, mu ce ina ruwanta, ai ba ita ta haifa ba. Ta yi wa ƙaramar kitso, an ce don maigida ya gani ne. Ta aiki yarinya sayen gishiri, an ce ta mayar da marainiya baiwa, alhali dukkanmu muna aiken namu. Dangin marigayiya kuwa in sun zo sai su ja yaran gefe, "Ta ba ku abinci? Ta dake ku? Kada ku ci abin da ta ba ku a ɓoye." Lokacin da ƙaramar ta kwanta a Asibitin Malam Aminu Kano, ita ta yi jinyarta, tana kwana a kan tabarma. Da muka je dubiya, a hanyar dawowa wata cikinmu cewa ta yi, "A dai bincika me ta ba yarinyar."

Shekara biyu ta yi ta ce ta gaji. Ranar da za ta tafi ta shigo yi mini sallama, ta ce, "Yaya, na yi iya yina, amma kullum ji nake kamar an riga an rubuta abin da zan zama." Ban iya ce mata komai ba. Bayan tafiyarta aka rarraba yaran, babban wurin kawunsa, matan biyu wurin kakarsu. Mu da muke cewa tausayin marayu muke ji, ko ɗaya cikinmu ba ta ɗauki ɗaya ba.

Na san wata za ta ce, "To ai akwai mugayen matan uba da gaske, ba 'yan fim suka ƙirƙiro su ba." Gaskiya ne, akwai su, kuma duk wadda ta ga ana zaluntar maraya ta yi shiru, ita ma tana da kamasho. Amma wadda ta gani da idonta daban, wadda ta yanke hukunci tun amarya na gidan ubanta daban. Ta farko shaida ce, ta biyu zato ne, zato kuwa zunubi ko da ya zama gaskiya. Kuma akwai abin da ya fi wannan ban tsoro: macen da ta ga alherinta da sharrinta duk suna ɗaya ake ba su, wata rana za ta daina wahalar da kanta da alherin. Daga nan sai mu tafa hannu mu ce, "Ba mun faɗa ba?" Alhali mu muka yanka rigar, mu muka ɗinka, mu muka zura mata.

Ke budurwa da kike karanta wannan, ba ki san gidan da rabo zai kai ki ba. Wataƙila ki shiga a ta biyu, wataƙila ki tarar da 'ya'yan wata. Ke kuma uwargida mai ɗa namiji, nan da 'yan shekaru ke ce uwar miji, kuma rigarki na nan a rataye tana jiran ki tun kafin surukarki ta san muryarki. Yadda kike so a yi miki uzuri ranar nan, yi wa wata yau.

Don haka in an kawo amarya layinku, a kan kishiya ko a kan marayu, ki shiga ki gaishe ta da sunanta na yanka. In an fara gulmarta a gidan biki, ki tambaya, "Wa ya gani?" In ba mai amsa, ki kawo wani zancen. Ni dai na makara a kan waccan baiwar Allah, na nemi ta yafe mini ta bakin wata 'yar'uwarta, har yau ina jiran amsa.

Allah Ya jiƙan Hajiya Daso da sauran magabatanmu, mu kuma Ya tsare mana harsunanmu, amin.