Masaukin Masu Gyaran Kufai

A ƙasar Sakkwato, can cikin daji, akwai kufan Surame, birnin da Kanta Sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16, ya kewaye shi da ganuwar duwatsu. A farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kabi, garin ya watse. A 1964 Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa.

To, a ce hukuma ta tura magina da leburori su gyara inda ganuwar ta zube, aikin wata shida. Ina ya kamata su kwana? Tambayar ba ta da nauyi a baki, amma hakki biyu ne suka yi karo a cikinta.

Na farko hakkin wurin. Wani zai ce a gina musu ɗakunan bulo da siminti a huta. Amma mai gini sai ya haƙa tushe, ya haƙa salga, ya nemi dutse. Alhali tsingaro da toka da ƙasusuwan da ke binne a kufai, daga zurfin da aka same su masana ke gane zamanin mutanen dā. In diga ta birkita su, ba mai iya mayarwa. Leburan da aka aika neman dutse kuwa, na ganuwa zai fara ɗauka, don shi ne kusa. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Saboda haka abin da ya dace shi ne tanti, ko rumfar zana, ko ɗakin katako da kwano irin wanda ake kwancewa a ɗora wa mota, a kafa su can bayan ganuwa.

Na biyu hakkin mutum. Wani ɗan kwangila da ya ji an ce masaukin wucin gadi, sai ya sami hujjar rowa, ya jefa wa mutum goma tsohon tampol guda. Sauro kuwa ba ruwansa da wucin gadi, haka sanyin hunturu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ma'aikaci na bukatar gado, da gidan sauro, da ruwan sha mai tsabta, da akwatin magani, da motar kai majiyyaci asibiti. Abin kunya ne mu girmama aikin maginan da suka daɗe da rasuwa, mu wulakanta magina masu rai.

In kuɗin bai isa duka biyu ba fa? Sai a rage aikin, ko a ɗage shi. Ganuwar da ta yi shekara 300 ba kowa tana iya jiran wani rani. Mai zazzaɓi ba ya iya jira.

Mu dubi Bafillace a mashekari. Bukkarsa ta kara ce, amma tana tsare shi da iyalinsa daga sanyi. Ran da ya tashi kuma, ba abin da mai gona zai tarar sai taki. Hukumar da ta sauki ma'aikatanta haka, ta kuma tashe su haka, ta fita hakkin matattu da na rayayyu.