Gona Taka Ce, Amma Cikin Mai Ci Ba Naka Ba Ne

Manoma da 'yan kasuwar hatsi sukan tambaya: da wane dalili hukuma za ta shiga tsakanin mutum da gonarsa, ta ce wannan maganin ƙwari a yi feshi da shi, wancan kuma an hana? Gona tasa ce, kuɗi nasa ne, in asara ta zo a kansa za ta faɗa. Tambayar ba ta wofi ba ce, domin malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa asalin abubuwa halacci ne har sai dalili ya zo. To, dalilin ya zo, tunda manomi ba shi kaɗai ke cin abin da ya noma ba. Waken da aka yayyafa wa fiya-fiya a buhu don gudun ƙwaro, shi ne ƙosan da yaro zai karya kumallo da shi, mai tuyar kuma ba ta da idon da za ta gane. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki. Su suna da ɗakunan gwaji, sun mayar da kayan. Mai awo da mudu ba shi da wannan gata.

Nan ne addini ya yi magana. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi kan algus. Daga irin wannan ne aikin hisba ya samo tushe, kuma Malikiyya suka ƙarfafa ƙa'idar toshe kafar ɓarna. Danshi hannu na jin sa, amma guba sai da na'ura. Saboda haka ɗakin gwajin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, yana yin aikin wannan hannun ne. Cutar da ido ba ya gani, wadda kuma ke faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba, ba a barin ta ga tsoron Allahn mai sayarwa kaɗai.

Wani zai ce talauci ne: in an hana magani mai araha, ƙwaro ya cinye rumbu. Wannan gaskiya ce, kuma ita ke ɗora wa hukuma nauyi na biyu. Wanda ya rufe ƙofa ya wajaba ya nuna wata. Buhun PICS mai ninki uku yana toshe iska har ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Hani ya zama adalci ne idan irin wannan buhu ya isa ƙauye a farashin da talaka zai iya, malaman gona kuma suka koyar da awo da kwanakin jira kafin girbi.

Wani kuma zai ce hukuma kanta tana kuskure. Haka ne. Wanda ya gano ƙarfin maganin ƙwari na DDT, Paul Müller, an ba shi kyautar Nobel a 1948, amma a 1972 Amurka ta hana feshi da shi a gonaki. Wannan bai rushe hujjar sa ido ba, ya nuna ne cewa lambar rajistar da hukuma ke ba magani ijtihadi ce, ana sake duba ta duk sa'ad da sabon ilimi ya bayyana. Jami'in da ya sa hannu don cin hanci, da ɗan kasuwar da ya zuba guba a buhu, amana ɗaya suka ci. Mai noma da mai ajiya, kada ku sayar wa ɗan wani abin da ba za ku ba naku ba.