ALLURAR KAMFAS DA NEMAN ALƘIBLA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, gardama ta yawaita a masallatanmu game da alƙibla. Sai ka ga mutum ya ɗora kamfas ko wayarsa a mihrabi, ya ce masallaci ya karkace, har ya ɓata sallar jama'a. Kafin a yanke hukunci da allura, ya kamata a san abin da ke juya ta.

Masana sun tabbatar cewa a cikin ƙasa, zurfin kilomita kusan 2,900, akwai narkakken ƙarfe mai gudana. Gudanarsa ke haifar da wutar lantarki, ita kuma ta mai da duniya tamkar ƙaton maganaɗisu. Ƙarfin nan ya miƙe can sararin samaniya, yana kautar da burbushin da rana ke fesowa dare da rana. Mushtari ya fi sauran taurari masu kewaya rana irin wannan ƙarfi, Mirrihu kuwa nasa ya gushe tun da daɗewa. Idan rana ta yi babbar fesowa, lantarki mai yawa kan kwarara a saman iskar duniya, allura ta riƙa rawa. Irin wannan ne ya katse wa lardin Kwibek na Kanada wuta har awa 9 a watan Maris 1989. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya yi mana garkuwar da ido bai gani.

To, ita allura arewar maganaɗisu take nunawa, wadda ta sha bamban da arewa ta haƙiƙa, kuma ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 1831 James Clark Ross ya same ta a arewacin Kanada, tun daga nan tana gusawa wajen Saibiriya. A ƙasar Hausa bambancin kaɗan ne, amma a kudancin Afirka ta Kudu ya haura digiri 20. Abin da ya fi ɓatar da mu shi ne ƙarfen da ke kusa: rodin gini, da lasifika, da mota a gindin bango. Duk suna jan allura.

Mun saba cewa gabas muke fuskanta, amma daga Kano Ka'aba tana wajen digiri 68 daga arewa, watau gabas maso arewa. Mai son tabbaci yana da hanyar da ƙarfe bai ruɗa ta. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, agogon Nijeriya da Nijar, rana kan tsaya daidai bisa Ka'aba. A kafa sanda tsaye, a tsaya a kan inuwarta ana duban sandar, to an fuskanci alƙibla.

Game da hukunci, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wanda ke nesa da Makka sashen da Ka'aba take aka ɗora masa ya fuskanta, gwargwadon ƙoƙarinsa. Karkata kaɗan ba ta ɓata salla. Wanda ya yi ƙoƙari ya kauce ƙwarai, ya gane bayan sallama, an so ya sake muddin lokaci bai fita ba. Saboda haka kada wani ya tuhumi sallar iyaye da kakanni. Masu sabon gini su auna da kyau tun kafin a sa harsashi. In tsohon masallaci ne, a kai wa liman maganar cikin ladabi, a gyara sahu ba tare da rushe bango ko raba kan jama'a ba.

Allah Ya daidaita zukatanmu da sahunmu, Ya karɓi ibadarmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.