Ladan Kuturu da Bakin Mawaƙi

A zamanin da, idan Mai na Borno ya yaba da malami, yakan rubuta masa mahram, takardar da ke ɗauke wa malamin da zuriyarsa haraji, domin ya dukufa ga karatu. Addu'a kawai ake jira daga gare shi.

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, Maiduguri ta cika da masu tallafi: ga Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa a 2017, ga Gidauniyar Ɗangote da ta gina gidaje 200 a Dalori a 2018, ga ƙungiyoyin ƙetare. Madalla, mai jin yunwa ba ya sauraron kalangu. Sai dai in kuɗin ya gangaro kan mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo, sau da yawa da sharaɗi yakan zo: yi waƙar zaman lafiya, yi wasan wanke hannu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Shin za mu kira wannan raya fasaha, ko hayar baki? Wa zai ɗauki nauyin wanda ke son ya tambayi mai tallafin kansa inda abincin 'yan gudun hijira ya shige?