Mai Gadin Zaɓe Ba Ya Zaɓe

Ranar zaɓe soja na tsaye a rana yana tsaron hanya, amma shi ba ya jefa ƙuri'a, don an tura shi nesa da rumfar da ya yi rajista. Mu 'yan Sabo mun san zafin wannan, katin wasunmu na gida ne. To mu dai muna iya hawa mota. Yaron da ke dajin Borno fa? Shi ne wanda za a zaɓa zai tura bakin daga, ba a tambaye shi ba. A Amurka, a 1864, sojoji sun yi zaɓe daga sansani ana tsakiyar yaƙi. Gana na ware wa jami'an tsaro ranarsu. Masu tsoron kada kwamanda ya tilasta yaransa suna da hujja, a bariki ba a musu. Sai a kai akwatin wajen bariki, wakilan jam'iyyu na kallo.