Hukuncin Buɗe Kwamfutar Mamaci

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ɗan kasuwar albasa a Madawa ko Buza yakan rasu, lissafin basussukansa na cikin kwamfuta, lambar sirrin kuwa ta bi shi kabari. Shin ya halatta magada su buɗe? Na'am, su kai wa masani ya buɗe a gaban shaidu biyu adilai, domin Suratun Nisa'i, aya ta 11, ta gabatar da wasiyya da bashi a kan rabon gado. Amma a tsaya ga lissafi. Wasiƙunsa da hotunansa sirrinsa ne, kuma hanin bin diddigi na Suratul Hujurati, aya ta 12, bai faɗi da mutuwarsa ba. Kwamfutar kanta a ƙiyasta kuɗinta cikin dukiyar gado. Wallahu a'alamu.